Darbejiyar da Ke Jikin Mota

Baba Modu, direban taksi, ya ajiye mini tsohon hoton motarsa a shagona na gyaran hoto da ke unguwar Briqueterie. An ƙone ta a rikicin da ya koro shi daga Gamboru. Yana so hoton taksinsa na yanzu ya fito da irin launin tsohon hoton.

Kwana uku ina fama da kwamfuta, abu ya ƙi. Sai na lura da ɗan kore-kore a jikin tsohuwar motar. Na ƙara kore a inuwar sabon hoton, na rage haske.

Da Baba Modu ya dawo, ya daɗe yana kallo. "Ɗana, ina ka san darbejiyar ƙofar gidana?"

Ni launi nake nema, ashe koren nan inuwar darbejiyar gidansa ce a jikin motar. Ku wane hoto ne ya riƙe muku gida?