Furen Baba Kallamu na Bayan Mayanka

Ni dillalin awaki ne, ba mahauci ba, amma bakina ba ya barina in zauna lafiya. Wata safiya a mayankar da muke kai dabbobi a Anacha, na tsaya a kan wani saurayi yana fiɗa, na ce masa ko akuyar da kanta za ta fi shi iya tuɓe rigarta. Bai yi musu ba, ya miƙo mini wuƙa, ya ce bismilla. Jan farko na samu fatar akuya, na biyu na samu babban yatsana.

Ina salati, mahauta na dariya, aka ja ni bayan katanga wurin wani tsoho da ake kira Baba Kallamu. Yana zaune a benci, kusa da shi an kewaye wani ɗan fili da tsohon kwano da tayoyi. A ciki akwai tsiro mai ganye kaushi kamar harshen mage, da fure rawaya. Ya tsinki ganyen, ya murza a tafin hannu, ya matse mini koren ruwansa a kan yankan. Na yi tsalle don zafi, amma kafin in gama ƙorafi jinin ya tsaya.

"Wa ya ba ka wuƙa, Jumare?"

"Tsautsayi, Baba."

"Tsautsayi ba ya miƙa wa mutum wuƙa. Tashi, akwai mai jira."

Baba Kallamu mutumin wani ƙauye ne kusa da Gusau. Yana saurayi ya zo kudu a saman motar shanu, ya fara da wankin tumbi, ya kai ga fiɗa, ya kai ga yanka. Wata Inyamura mai sayen kayan ciki, Mama Obiageli, ita ta nuna masa tsiron ranar da ya tsaga tafin hannunsa. Su suna ce masa oranjila, kuma a bakin hanya yake fitowa, ba mai shuka shi. Shi ne ya tono saiwarsa ya dasa inda ruwan wanke-wanke yake gangarawa. Ko an sare shi ƙasa-ƙasa, da an yi ruwa zai sake tohowa. Abokan gabarsa awaki ne, don suna son ganyen, shi ya sa mu dillalai muka sha zagi a wurinsa fiye da kowa.

Da girma ya zo, hannunsa ya fara rawa. Sarkin fawa ya kira shi gefe, ya roƙe shi ya ajiye wuƙa. Ya ajiye, amma bai daina zuwa ba. Bayan asuba yana kan bencinsa. Wanda ya yanke ya zo, ya matse masa ganye, ya haɗa masa da faɗa. In yankan ya yi zurfi ba ya ko taɓa furen, sai ya ce a tare keke a kai mutum asibiti. Yaran da aka haifa a nan kan shigo da gudu suna, "Baba, abeg, a taimaka," shi kuma sai sun yi sallama yake duba hannun.

Bara matarsa Kubura ta rasu, ya rage shi kaɗai a ɗakin haya. Ɗansa Falalu, direban babbar mota, ya gina masa ɗaki a Gusau, har da fanka. Ya yi lallashi, ya yi fushi, tsoho ya ce ba inda za shi. Ƙarshe Falalu ya same ni.

"Kawu Jumare, kai da ka iya sayar da gurguwar akuya, ka sayar masa da tafiyar nan mana. In ya faɗi a ɗaki wa zai sani? Ranar Asabar zan yi lodi a tashar Upper Iweka, gidan gaban motar nasa ne."

Yaron yana da gaskiya. Na je na zauna a gefen benci, na yi doguwar gaisuwa, na tambayi ƙafa, na tambayi baya. Na kawo zancen jikoki da fura mai kyau da sallar Juma'a cikin dangi. Yana ta tsince busassun ganye, bai ɗago ba.

"Can me zan riƙa yi?"

"Hutawa, Baba."

"Na ga masu hutawa. A tabarma ake ajiye su, a riƙa matsar da su in rana ta iso."

Nan na fito da dabarar da na kwana ina saƙawa. Na ce in don furen ne, ni da kaina zan tono shi da saiwarsa da ƙasarsa, in sa a bokiti, Falalu ya ɗora a mota. Ya isa Gusau ya dasa abinsa a ƙofar ɗaki.

Sai a lokacin ya dube ni, daga hula har takalmi.

"To madalla. In ka gama da furen, ka nemo bokitin da zai ɗauki mahautan nan da wuƙaƙensu, don su nake wa zama. Gidan gaba kuwa kai ka hau. In ka tafi, ba wanda zai zo bayan katanga yana nemanka."