Anza Ba Gishiri

Har yau idan likita ya naɗa mini robar awon jini a damtse ya fara matsa ƙwallonta, raina ɓaci yake yi. Ba shi ya yi mini laifi ba. Innata nake tunawa.

Shekarar fari ce, zamanin soja. Mijina ya tafi Abijan cin rani kamar sauran mazan Adar, ni kuwa na kwashi 'ya'yana na koma gidanmu, wani ƙauye arewa da Affala. Rumbu ya daɗe da zama fanko. Anza muke ci. Mu tsinko 'ya'yanta a daji, mu ɓare, mu jiƙa kwana da kwanaki muna sauya ruwa, sannan mu dafa. Duk wannan wahalar ba ta raba ta da ɗaci. Sai an barbaɗa gishiri take wuce maƙogwaro, shi ma da kyar.

Ana nan sai mai gari ya sa aka yi shela cewa mota za ta zo daga birnin Tawa, kowa ya fito. A irin wannan shekara mota daga Tawa abu ɗaya take nufi a kunnenmu. Mata suka fito da ƙore da buhuna. Motar ta iso, ba hatsi ko ƙwaya. Samari ne da 'yan mata cikin fararen riguna, ɗaliban likitanci daga Yamai, sun zo awon hawan jini, tansiyo in ji su. Wani soja ya rako su, ya zauna a inuwa da bindiga bisa cinya.

Inna ta shiga layi tun hantsi, cikinta ba komai, rana na dukanta. Da aka zo kanta wani saurayi mai fara'a ya naɗa mata robar. Sai da ya ninka ta kafin ta kama, don damtsen ya zama kamar kara. Ya matsa, ya saurara, ya girgiza kai.

"Inna, jininki ya hau ƙwarai," ya ce. "Daga yau ki bar gishiri, ki rage nama da mai. Wata mai kamawa za mu dawo mu sake awo."

Nama da mai. Mu da akuyarmu ta ƙarshe ta mutu tun kafin bazara. Ina tsaye ina jira ya tambaye ta me take ci. Tambaya ɗaya ce, ba ta buƙatar boko. Bai yi ba, ya kira na gaba.

Inna ta dubi sojan, ta dubi saurayin, ta ce, "To ɗana, na jiya."

Da yamma na kawo mata anza, ta ture ƙoƙon, ta ce in ɗebo mata wadda ba a sa wa gishiri ba. Na ce shawara ce aka ba ta, ba doka ba.

"Ke, shawara da soja zamne?" ta ce mini. "Robar awon ga tana gane duk abin da mutum yac ci. In sunka komo sunka iske na ƙetare, hidda gidanmu za a yi cikin rabon hatsi. Ɗiyanki mi za su ci?"

Ba wauta ba ce. Ana ta faɗin wani ƙauye da bai fito tarbar kwamanda ba, taimako ya tsallake shi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A lokacin nan duk maganar da ta sauko daga motar gwamnati umarni ce, kuma yaran nan da suka shigo motar ya kamata a ce sun san haka.

Ta riƙa tura anza gaya, loma biyu, ta uku ta dawo. Na roƙe ta, na yi faɗa, na kira ƙanenta ya yi mata magana. Na taɓa narka gishiri kaɗan a ɓoye. Harshenta ya gane, ta tofar, ta wuni ba ta kula ni ba. Kullum da safe sai ta tambaya ko 'yan fararen riga sun komo. Wata ya kama, ya mutu, wani ya kama. Ba su dawo ba. Hutunsu ya ƙare, sun koma makaranta, ba wanda ya aiko mana da ko kalma.

Ban ce mugaye ne ba. Amma har gobe ina jin haushin wanda ya turo su da robar awo cikin garin da ba tuwo, da wanda ya koya musu abin da za su hana mutum bai koya musu duba cikin ƙwaryarsa ba.

Daga baya hatsin ya zo, jar dawa, aka raba gida gida. Ba wanda ya dubi damtsen kowa. Gidajen da suka sha gishirinsu ma sun samu daidai da namu. Na dama kunu na kai wa Inna a tabarma, lokacin ko zama ba ta iya yi. Ta kurɓa sau ɗaya, ta dubi buhun, fuskarta ta washe.

"Kin gani ko?" ta ce. "Da na ci gishirin ga, da ba a ba mu ba."

Ban gaya mata gaskiya ba. Kafin buhun ya kai rabi mun binne ta.