Abarshi, Makaɗin da Ke Bin Na Baya

Kowace safiya, idan rana ta ɗan ɗaga, Baba Abarshi yakan sauko da gangarsa daga jikin bangon zaure, ya shanya ta a ƙofar gida don fatar ta sha zafi. Sai ya zauna ya bi igiyoyin ɗaya bayan ɗaya yana ja, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya kara kunne. In sautin bai yi masa ba, ya sake. Mu 'yan unguwarsa a Madarunfa mun saba gani har mun daina kallo. Abin da ba mu lura da shi ba, shekara bakwai ya yi yana wannan gyara babu wanda ya zo kiransa.

Makaɗin noma ne, gadon ubansa. A da ba a gayya daga nan har Safo sai da shi, ba a kai amarya sai ya raka. Sai sono, kayan kiɗan lantarki, ta shigo gari. Anas, wani magidanci daga Ɗan Issa, ya zo da manyan bafil biyu masu ƙara sauti da inji da na'ura mai kiɗan da ba hannun mutum a cikinsa, bugu ɗaya tak yana maimaita kansa har ƙirji ya riƙa amsawa. Samari da 'yan mata suka ruɗe. Ni ma na taka, kuma ba zan ce babu daɗi ba. Cikin shekara biyu bukukuwa duk suka koma hannun Anas.

A fadar samari, wajen shan shayi, aka riƙa gardamar tsawon ran wannan kiɗa. Wasu su ce yayi ne, ya kusa wucewa. Wasu su ce ya zauna ke nan. An taɓa tare Baba Abarshi da maganar, ana so ya yi zagi a yi dariya. Ya ce, "Ni mi zan ce? Na ga kaset, na ga bayanta. Wannan ko zai daɗe, tunda ƙafafunku na son shi. A dandali ke nan. A gona ne ban sani ba."

Gona ce kuwa ta raba gardamar, daminar da ta wuce waccan.

Wani manomi mai suna Yahaya ya rasu da bazara, ya bar matarsa Kyauta da yara huɗu da gonar hatsi guda a hanyar Safo. Ita ta yi shuka da hannunta. Ruwa ya sauka babu hutu, ciyawa ta taso ta rufe hatsin har ya fara rawaya. Duk manomi ya san in aka ƙara mako ba a nome ba, gonar ta tafi, abincin shekarar gidan kuma ya bi ta. Abokan marigayin suka kira gayya, mutum kusan talatin. Anas, don zumunci, ya ɗora sono a amalanken jaki ya kai bakin gona kyauta. Ba wanda ya tuna da Abarshi.

Da aka kunna, manoma suka faɗa gona da ihu, kowa na so hauyarsa ta yi daidai da bugun na'ura. Na'ura kuwa ba ta numfashi. Ƙarfafa suka yi gaba, dattawa suka saura can baya, sahu ya watse. Garin sauri aka riƙa sare hatsi tare da ciyawa. Kafin hantsi ya dubi ludayi rabin mutanen na kwance gindin gawo suna haki, ko kashi ɗaya cikin uku ba a ci ba, wasu har sun fara neman takalmansu.

Kyauta ta ajiye ƙwaryar fura, ta taka da ƙafa har ƙofar Abarshi. Ita ta ba ni labarin da bakinta. Ta durƙusa ta ce, "Baba, mun yi maka laifi, ba mu kira ka ba. Gonar Yahaya za ta lalace."

Bai ce mata sai yau aka san da shi ba. Ya ce, "Tashi, ɗiyata. Su nawa suka saura tsaye?"

"Ba su kai goma ba."

"Sun isa. Mu tahi."

Waɗanda suka ga aikin ranar sun ce bai tsaya a gaba ba. Bayan sahu ya koma, ya nemi wanda ya fi kowa rauni, wani tsoho mai suna Bala, ya zuba wa kafaɗarsa ido. Bala ya ɗaga hauya, gular buga ganga ta ɗaga. Ya sauke, ganga ta amsa. Masu ƙarfi suka ga dole su jira kiɗan, sahu ya miƙe. Wanda duk ya fara ja baya, Abarshi ya matsa kusa da kunnensa ya buga taken gidansu, ya kira sunan ubansa. Na gindin gawo suka fara jin taken iyayensu ana bugawa alhali suna kwance. Abarshi ya ɗaga murya ya ce wa ɗaya, "Kai jikan Mahaman, kakanka a tsaye na san shi, kai ko inuwa ka gada?" Aka fashe da dariya, mutumin ya zabura ya ɗauki hauya. Rana ta take, ya sassauta. Iska ta kaɗa, ya ƙara wuta. Da saura ɗan yanki, hannuwa sun mutu, sai ya buga taken Yahaya mai gonar. Aka duƙa gaba ɗaya har aka kai iyaka, kafin la'asar.

Anas, wanda ya kashe injinsa tun isowar tsohon, ya roƙi iznin ɗaukar kiɗan ya saka cikin na'ura. Abarshi ya ce, "Ɗauka, ɗana, ba na rowa. Sai dai ba ta ganin wanda ya gaji."

Bana kafaɗa ta hana shi rataya ganga, ya ajiye aiki. Akwai masu cewa bai dace ɗiya irina da ta yi lakwal, wato boko, ta ɓata tawada a kan makaɗi ba. Su yi ta faɗi. Ban san shekara nawa suka rage wa kiɗan na'ura ba, wataƙila ya binne mu duka. Na dai san wanda aka nema da ƙafa ranar da abincin marayu ke shirin salwanta.

Baba Abarshi, kai ne aka manta da kai shekara bakwai ba ka yi fushi da sana'arka ba. Kai ne mai bin na baya, mai tada na kwance. Mun gode. Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da alheri.

Ku kuma samarin Madarunfa, yana nan da ransa, kunnensa garau, taken gidajenku duk suna kansa. Wani cikinku ya je ya zauna gabansa ya koya, ku bar jin kunya. Yaran Kyauta hatsin gonar ubansu suka ci waccan shekarar, har sabo ya fito uwarsu ba ta roƙi ko tiya ɗaya a gidan kowa ba.