Ranar da Aka Zo Ɗaukar Motar Baba A-Hankali

Duk tashar ba wanda ya riƙe sunansa na yanka, Baba A-Hankali ake ce masa. Tuƙinsa ne ya jawo masa laƙabin. Ko fasinja zai fashe don haushi, ba ya wuce gudun da ransa ya kwanta da shi. In an dame shi ya ce, "Gara a ce mun makara da a ce Allah ya jiƙanmu." Da wankin mota ya fara, ya ja ta mutane shekara da shekaru, kafin ya mallaki tasa, wata 'yar farar mota mai ƙofa huɗu. Da ita ya ci da gidansa, da ita ya aurar da 'ya'yansa.

Sai ido ya fara ba shi matsala. Gefen titi ne ke ɓace masa, har ranar da ya kusa take wani mai keke, bai gan shi ba sai ihu ya ji. Likita ya ce ya ajiye tuƙi, kuma idon sai an yi masa aiki. Kuɗin aikin kuwa ba inda za su fito sai jikin motar.

Babbar 'yarsa, wadda ke aure a wani gari, ita ta sa hotunan motar a intanet tare da lambar wayarsa. Ba a jima ba wani ya kira, murya a sanyaye, ladabi kamar ɗan da ya haifa.

"Baba, na ga motar, ta yi mini. Nawa ka ce?"

Ya faɗa masa. Mutumin ko tayi bai yi ba, ya ce ya saya. Yana wurin aiki can nesa, zai turo kuɗin ta banki, gobe direbansa ya zo ya ɗauka. Baba ya ba shi lambar asusu, ya kuma kwatanta masa gida tiryan-tiryan. Sai da ya kashe wayar ya fara tantama. Ya ga masu sayen mota da yawa, bai taɓa ganin wanda bai nemi ya ji ƙarar inji ba.

Washegari da hantsi saƙo ya shigo. Rubutun waya ya fi ƙarfin idonsa, sai ya miƙa wa matarsa. Ta sa tabarau ta karanta, ta sake karantawa.

"Malam, ai kuɗin sun zarce yadda kuka yi. Sosai ma."

Kafin ya buɗe baki waya ta yi ƙara. "Baba, a yi haƙuri, akawuna ne ya yi kuskure, ya haɗa da kuɗin wani. Ka mayar mini da rarar yanzu ta wata lamba da zan turo, ka ba direba makulli da takardu. Yana ƙofar gidanka."

Aka buga ƙofa. Ba mutum ɗaya ba ne, biyu ne. Ba su jira an yi musu iso ba suka shigo rumfar da motar take. Dogon ya jingina da ita, ɗayan ya tsaya daidai bakin ƙofa, ya tare hanya. Baba yana ganin tsayinsu da faɗinsu, amma fuskokinsu hazo-hazo ne. Ko gobe aka jera masa su ba zai gane su ba, wannan ne ya fi tsinka masa zuciya.

Matarsa ta ja shi ɗaki, ta yi ƙasa da murya. "Saƙon nan bai shigo inda na banki ke shigowa ba. Daga lambar mutum ya zo. Kuma bai faɗi abin da ya rage a asusu ba, kamar yadda suka saba."

Ya gwada duba asusun ta waya, lambar sirrin da ya sani kamar sunansa ta ɓace masa fat. Ya fito ya ce wa baƙin su ɗan jira, zai je banki ya dawo.

Dogon ya miƙe daga jikin motar. "Tsoho, ka ci kuɗin mutane kuma ka riƙe mota? Kawo makulli."

Waya ta sake ƙara, wata sabuwar murya ce mai kaushi. Wai jami'in 'yan sanda ne, an kawo ƙararsa ya riƙe kuɗin da ba nasa ba. In bai mayar ba yanzu, ga mota nan tafe, da ankwa za a fita da shi a gaban maƙwabta. Baba, wanda ko tarar hanya ba a taɓa cinsa ba, ya fara zargin kansa. Idan fa kuɗin sun shiga da gaske? Idan shi ne ɓarawon? Hannunsa ya shiga aljihu ya kama makullin, har ya fara zaro shi.

Bai lura matarsa ta zagaya baya ba. Ta kan katanga ta yafito mai waldan da ke maƙwabtaka da su. Sai ga shi ya shigo, gilashin walda a goshi, mai shagon kan kwana na biye da shi. Mai waldan ya dubi baƙin, bai ɗaga murya ba.

"Ai abu mai sauƙi ne. Ga motata a waje, mu ɗunguma banki gaba ɗaya. In kuɗi sun shiga, ni da kaina zan wanke muku motar ku tafi da ita."

Baƙin suka dubi juna. Dogon ya kara waya a kunne kamar an kira shi, ya fita yana magana, ɗayan ya bi shi. Can sai ƙarar babur.

Mai waldan ya kai shi banki, ma'aikaciyar ta duba ta ce ko kwabo bai shigo ba. "Baba, saƙo ba kuɗi ba ne, kowa na iya rubuta shi, har rasit suna ƙirƙira. Sai ka ga kuɗi zaune a asusunka tukuna. Wannan 'mayar da rara' tsohon tarkonsu ne, da ka biye musu da ka yi asarar mota da ɗan abin da ka tara. Ɗan sandan ma nasu ne."

Ya yi godiya, amma hankalinsa bai kwanta ba, don sun san gidansa. A ranar ya sa aka kai motar garejin wani makaniki abokinsa. 'Yarsa ta kira tana kuka, wai ita ta jawo masa, sai shi ya koma rarrashinta. Ya daɗe in an buga ƙofa sai gabansa ya faɗi, kuma lambar da bai sani ba sai ya miƙa wa matarsa ta amsa.

Wani malamin makaranta ne ya sayi motar daga baya, a cikin banki aka yi biya. An yi aikin, ido ɗaya ya tsira, ɗayan an makara. Yanzu kullum da safe Baba yana tasha, a kan benci ƙarƙashin rumfa, shi ke tsara layin motoci, yana raba faɗan direbobi in sun kaure a kan fasinja.