Dakta Sharifa Ɗanliti da Shirun Masu Naƙuda

Haihuwa da Karatu

An haifi Sharifa a Arikya, kusa da Lafiya, a shekarar 1962, 'yar Malam Ɗanliti manomin doya da maiɗakinsa Barira. Tun tana firamare malamai suka gaji da ita saboda tambaya. Ta kammala karatun likita a Zariya a 1988, ta ƙware a fannin mata da haihuwa, sannan ta dawo Lafiya aiki.

Aure da Aiki

A 1990 ta auri Malam Sharhabilu, ɗan kasuwar hatsi. A 1997 wata mai cikin fari ta rasu a asibitin da take aiki, alhali ko uffan ba ta ce ba, ma'aikata kuwa suna can kan masu ihu. Abin ya tsaya wa Sharifa a rai. Ta bi tsofaffi a ƙauyuka tana tambaya, suka shaida mata cewa a gidaje da dama abin kunya ne mace ta yi raki a haihuwar fari, don haka wadda ta fi shan wuya ita ta fi danne bakinta.

Koyarwa

Da aka soma turo mata ɗaliban likitanci, sai ta kafa musu ƙa'ida: kowa ya ja kujera gefen wadda ta fi shiru, ya lura da guminta, da numfashinta, da yadda take damƙe ƙarfen gado, kada ya tashi sai wani ya karɓe shi. Ɗalibai suka yi ta gunaguni, har wani daga cikinsu mai suna Terhemba ya ce shi ba gadi ya zo koya ba. Amsarta ɗaya ce: "Mai ihu ta riga ta kira ka. Wannan fa, wa zai kira mata?" Fargabarta kullum ita ce ranar da ba ta nan, a watsar da zaman.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a watan Maris 2024, aka yi jana'izarta a Lafiya bayan azahar. Ta bar 'ya'ya uku: Abdulrauf, da Halimat, da Dakta Rabi'a, wadda ba ta ga fitar gawar mahaifiyarta ba, domin tana zaune da ɗalibai gefen wata mai naƙudar fari daga Assakio da ta ƙi ko nishi. Da la'asar aka yi wa matar tiyata, uwa da ɗa suka rayu.