Izinin da Kawu Ya Aike Ni Nema

Shekarar da na shiga jami'a, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, babin gado kaɗai ya rage mini a littafin fiƙihun da nake karantawa a zauren kawuna a Hunkuyi. Yayan mahaifiyata ne, shi ya koya mini baƙi da wasali, kuma duk baƙon da ya shigo zauren sai ya nuna ni ya ce ga almajirinsa. Idonsa ya fara rauni a lokacin. Burina in sauke littafin a gabansa kafin ganin ya tafi gaba ɗaya.

Na dawo hutun farko da takalmi mai igiya da bakin da ba ya rufuwa. Cikin surutuna na ambaci wata doka da aka karanta mana, cewa ɗalibin jami'a ba zai ɗauki darasi a wata makaranta ba sai hukuma ta ba shi izini. Don burga kawai na faɗa. Kawu kuwa sai ya gyara zama a kan buzunsa, ya ce ashe mutanen nan sun san ladabin ilimi. Haka malamansa suka yi, ba a karɓar almajirin wani sai malaminsa ya yarda. Na buɗe littafi, ya sa hannu ya rufe. Ya ce yanzu ni ɗalibin wasu ne, in je in nemo izininsu tukuna.

Na yi magiya har na gaji, bai ko motsa ba. Ya aika Makarfi aka sayo mazarƙwaila mai kyau, ya ce in kai wa malamaina, don ba a zuwa roƙon izini hannu rabbana. Ban kai ba. Na kasa hango kaina a ofis rungume da ƙunshin ganye, sai na bar ta a ɗaki, abokan kwanana suka shanye ta da koko.

Jami'in da na tarar a ofishin jami'a Bahaushe ne ɗan'uwana, mai fara'a, fanka na juyawa a kansa. Ya tambayi sunan makarantar, na ce zauren kawuna ne. Ya tambaya ko akwai aji, ko ana jarrabawa, ko ana ba da takardar shaida, ko gwamnati ta san da ita. Duk na ce a'a, muryata na ƙara ƙanƙancewa. Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, ya ƙwala wa abokin aikinsa kira ya zo ya ji.

"Ai wannan ba makaranta ba ce," in ji shi. "Dokar ba ta shafe ka ba. Je ka yi ta karatunka."

Na roƙi ko layi ɗaya ya rubuta mini. Ya ce ba a rubuta izini a kan abin da babu shi. Suka sake dariya, ni ma na taya su, har tawa ta fi tasu ƙarfi, don kada su ɗauke ni baƙauye. Na yi godiya na fito.

Ranar da na koma Hunkuyi zauren cike yake bayan la'asar. Magidanta ne, sun taso daga gona, kowa da littafinsa a cinya. Ashe Kawu ya riga ya gaya musu jami'a za ta aiko masa da amsa. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi malamaina ko sun ji daɗin saƙonsa. Na sunkuyar da kai na ce sun ce in ci gaba da karatu. Ya ce wane malami ne a cikinsu, kuma da wane lafazi ya faɗa. Mutumin da ya yi shekaru yana kama ni in na tsallake wasali ɗaya ba zan iya yi masa kwana-kwana ba. Na faɗi komai, har mazarƙwailar. Ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kawu bai yi fushi ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi.

"Su ba su taɓa zama a nan ba, babu laifinsu," ya ce a hankali. "Kai da ka zauna, me ka ce musu?"

"Allah ya gafarta Malam, na ce na gode."

Ya ɗan jima yana kallon inda nake da idon nan nasa da ya yi hazo. Sannan ya miƙo hannu ya buɗe littafin da kansa, ya ce tunda ba a bukatar izini, in karanta. Na karanta, layukan na rawa a gabana. A hutun nan ya ƙarasa mini babin gado, bai rage mini ko kalma ba, ya yi mini addu'ar sauka kamar kowa.

Bayan saukar wani baƙo ya zo daga Ikara, ya gan ni a gefe, ya tambayi ko wane ne. Na kasa kunne. Kawu ya ce, "Ɗan ƙanwata ne, yana jami'a."