Jif ɗin Kanar ta sake mutuwa

Jama'a, yau na ga ta kaina! Kun san tsohuwar jif ɗin nan da na saya hannun wani kanar, mai zuƙar fetur da kwana garejin bakanike? Zan kai Inna asibiti, daidai shingen sojoji a Gidan Igwai ta mutu.

Inna ta ce, "Ɗan nan, wagga mota za ta kashe ni kahin ciwon."

Wani saje ya taso da bulala. Ya duba lambar motar, sai ya dafe kai.

"Ita ce! Shekara uku muna turinta a bariki!"

Ya kira sojojinsa, suka tura mu har asibiti. Yana haki ya ce, "Alhaji, sai haƙuri. Ranar da ka saye ta, rago muka yanka."